Wa Ya Sa Filash a Kwamfutar Nan?

Shekaru da dama da suka wuce, ina aiki a wani ofis da ba sai na ambaci sunansa ba, na soka filash ɗina a kwamfutar akanta don in buga takardar neman gurbin karatu ta ƙanena. Shafi biyu ne kacal. A jikin bango, daidai saman firintar, akwai sanarwa da aka manna da salatif cewa an hana sa filash ɗin waje a kowace kwamfuta. Kullum ina ganinta, ranar ma na gan ta. Washegari da safe akanta ya kunna kwamfutarsa ya tarar fayiloli sun rikiɗe, ka danna ka danna ba abin da ke buɗewa, ga jadawalin albashin wata a ciki. Yaron da ke kula mana da kwamfutoci ya shiga bin tebur-tebur da tambaya ɗaya. Da ya iso kaina ya rusuna ya ce, "Yallaɓai, ko kun ga wanda ya sa filash a nan jiya?" Na ɗaga kafaɗa na ce, "Ni dai ban ga kowa ba." A zuciyata har ina lallashin kaina cewa ban yi ƙarya ba, tunda mutum ba ya ganin kansa sai a madubi.

Kwana biyu yaron nan yana fama. Da na miƙa masa filash ɗin tun da safen, da ya gane irin bairos ɗin da ya shiga kafin azahar. Zargi kuwa ya faɗa kan wani ɗan bautar ƙasa da aka turo mana, saboda shi ne baƙo, kuma shi ne aka saba gani da filash rataye a makullinsa.

Wannan abin ne ke faɗo mini a rai duk lokacin da nake karanta hukunce-hukuncen da wani ofishin Ma'aikatar Tsaron Amurka mai suna DOHA ke wallafawa. Aikin ofishin shi ne sauraren ƙorafin ma'aikatan kamfanonin da ke yi wa gwamnati kwangila, waɗanda aka ce za a hana su izinin ganin bayanan sirri ko a ƙwace wanda suke da shi. Ana cire sunan mutum, a kira shi "mai nema" kawai, sannan a baje rayuwarsa a fili: bashinsa, shaye-shayensa, korar da aka taɓa yi masa, abin da ya faɗa wa mai bincike da abin da ya ɓoye. Sama da mutum miliyan 4 ne a Amurka aka tantance don irin wannan izini, fiye da miliyan 1 daga cikinsu a matakin sirri mafi girma. Ga injiniya ko mai kula da kwamfutoci a kamfanin da ke ƙera wa soja kaya, rasa izinin nan kusan daidai yake da rasa aikin gaba ɗaya.

Ma'aunin da ake bi yana da babi 13, an jera su da haruffa daga A zuwa M, kuma sigar da ake aiki da ita yanzu ta fara aiki ne a watan Yunin 2017. Abin da ya fi kayar da mutane shi ne babin kuɗi, wato bashin da aka ƙi biya da harajin da aka yi watsi da shi. Amma wanda ya fi ɗaukar hankalina shi ne inda babi biyu suka haɗu a kan mutum ɗaya: babin M, na yadda mutum ke mu'amala da kwamfuta, da babin E, na halin mutum da gaskiyarsa. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Mutum ya yi wani abu da kwamfutar wurin aiki: ya leƙa imel ɗin abokin aiki saboda yana riƙe da makullin tsarin, ko ya sauke manhajar da aka hana, ko ya kwashe fayilolin kamfani a filash ranar da zai bar aiki, ko ya ɓata awanni yana kallon batsa a kwamfutar gwamnati. Aka kama shi, aka kore shi ko aka ce ya ajiye aiki salin-alin. Bayan shekara biyu ko uku ya samu sabon aiki da ke buƙatar izini, aka ba shi fom ya cike. Inda aka tambaye shi dalilin barin tsohon aikinsa sai ya rubuta cewa ya samu wanda ya fi ne, ko an rage ma'aikata. Mai bincike ya je tsohon kamfanin, aka buɗe masa fayil.

Fom ɗin sunansa SF-86, kuma ya haura shafi 100. Sashe na 13 yana tambaya ko cikin shekara 7 da suka wuce an kore ka, ko ka ajiye aiki bayan an gaya maka za a kore ka, ko kun rabu da yardar juna bayan an zarge ka da laifi, ko an taɓa ba ka takardar gargaɗi. Ka lura da yadda aka toshe duk wata kafa da mai wayo zai bi. Sashe na 27 kuma kacokan a kan kwamfuta yake: ko ka taɓa shiga wani tsari ba da izini ba, ko ka sauya ko ka goge bayanai, ko ka sa wata na'ura ko manhaja inda aka hana. A ƙarshe za ka sa hannu a ƙarƙashin gargaɗin cewa ƙarya da gangan a wannan takarda laifi ne da kan iya kai mutum kurkuku har shekara 5.

Ra'ayina a kan wannan a fili yake, kuma na san wasu za su ce na cika tsauri: wanda ya yi ɓarna da kwamfuta sannan ya ɓoye da aka tambaye shi, daidai ne a hana shi izinin. Ɓarnar kanta sau da yawa abin yafewa ce, kuma ma'aunin ya tanadi hanyoyin yafewar. Idan abin ya daɗe kuma bai sake faruwa ba, idan ƙaramin abu ne da aka yi don aiki ya tafi, idan kuskure ne kuma mutum ya hanzarta kai rahoton kansa, idan ba a taɓa koya masa dokar ba, duk alƙali zai iya duba waɗannan ya ce a wuce wurin. Ko ɓoyewar ma tana da ƙofar tuba guda ɗaya: mutum ya gyara maganarsa da kansa, da wuri, kafin a ajiye masa hujja a gabansa. Wanda ya jira sai da mai bincike ya zaro takardar korarsa daga jaka sannan ya ce "af, na tuna", wannan ƙofar ta rufe a kansa. Laifin 2018 yana tsufa kowace shekara. Ƙaryar da aka yi a kansa a 2024 kuwa sabuwa ce fil, kuma ita alƙali zai riƙe.

Dalili na farko da ya sa nake goyon bayan haka shi ne yadda tsaro ke aiki a zahiri. Mutane na ɗauka katanga da kyamara da kalmar sirri ne ke tsare asirin gwamnati. Suna taimakawa, amma mafi yawan ɓarnar da ake tarewa da wuri ana tare ta ne saboda wani ya tashi daga kujerarsa ya je ya ce, "Na yi kuskure. Na tura takardar nan ta imel ɗin da bai dace ba." Ko ya ce ya danna wani saƙo da bai kamata ba, ko ya manta wayarsa a aljihu ya shiga ɗakin da aka hana. Kowane mai riƙe da izini zai yi irin wannan kuskuren wata rana, ɗan Adam ne. Tambayar da gwamnati ke son amsarta tun kafin ta miƙa makulli ita ce, ranar da ya yi, zai zo ya faɗa ko zai ɗaga kafaɗa irin tawa? Fom ɗin nan shi ne gwajin farko, kuma gwaji ne mai sauƙi, don a kan abin da ya riga ya wuce ake tambaya. Wanda ya kasa faɗin gaskiya a kan korar da aka yi masa shekara uku baya, ina dalilin tsammanin zai kai ƙarar kansa a kan abin da zai iya cinye aikinsa na yau?

Na biyu kuwa shi ne mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mutumin da ya rubuta a fom cewa an taɓa korarsa saboda kallon batsa a ofis ya ji kunya sau ɗaya, shi ke nan, ba wanda zai ƙara tsorata shi da maganar. Wanda ya ɓoye kuwa ya ƙirƙiri makami ya ajiye wa duk wanda ya sani. Da ma abin kunya ne kawai, yanzu ya zama abin da zai iya raba shi da aiki har ya kai shi kotu. Jami'in leƙen asirin wata ƙasa irin wannan mutumin yake nema, ba ya ma buƙatar kuɗi da yawa.

A 1988 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukuncin da har yau ake kafa hujja da shi. Wani lebura ne mai suna Thomas Egan a wurin gyaran jiragen ƙarƙashin ruwa masu ɗaukar makaman nukiliya a jihar Washington. Sojan ruwa suka hana shi izini, cikin dalilansu har da cewa bai bayyana wasu tsofaffin hukunce-hukuncen da aka yi masa kan ɗaukar bindiga ba. Kotu ta ce ba wanda ke da haƙƙin a ba shi izinin ganin sirri, kuma idan ya zama dole a yi kuskure, gara a yi shi ta wajen hanawa. Wannan ya juya abin da muka sani a shari'ar laifi, inda shakka ke amfanar wanda ake tuhuma. A nan shakka gwamnati take amfana. Da farko abin ya yi mini nauyi, amma da na tuna yadda mai shago ke yi kafin ya bar wa yaro makullin sito ya tafi Umra, sai na ga ba wani baƙon abu ba ne. Ba ya buƙatar shaidu biyu kafin ya fasa. In ya tambayi yaron dalilin barinsa wurin tsohon ubangidansa, ya ji labari ɗaya daga bakinsa, ya ji wani daban a kasuwa, magana ta ƙare. Bai ce yaron ɓarawo ne ba, makulli dai ba zai ba shi ba. Dokar shugaban ƙasa ta 1960 da Eisenhower ya sa wa hannu, wadda ta kafa tsarin sauraren ƙorafin 'yan kwangila, ita ma ta faɗi haka a sarari, cewa hana mutum izini ba hukunci ne a kan biyayyarsa ga ƙasa ba.

Akwai wata hujja da ta fi duk waɗannan taɓa ni, kuma daga gida ta fito. Mun tashi an koya mana rufin asiri. An koya mana cewa wanda Allah ya suturta kada ya wayi gari yana tona kansa, kuma wanda ya tuba kamar bai yi ba ne. Wani abokina da muka tattauna maganar ya ce mini, "Malam, mutum ya yi kuskure, ya sha kora, ya tuba, ya gyara halinsa. Yanzu kuma sai a ce dole ya rubuta abin kunyarsa da hannunsa ya miƙa wa gwamnati? Ina suturar take?" Na daɗe ina juya wannan tambayar. Inda na tsaya shi ne, sutura tana rufe abin da ke tsakaninka da Mahaliccinka. Da zarar haƙƙin wani ya shigo, hukunci ya sauya, kuma mu ma mun san haka. Mai sayar da mota da ya san injinta na shan mai ba zai ɓoye ya ce sutura yake yi ba, malamai sun ce bayyana aibi wajibi ne. Wanda aka zo wa binciken aure ba a yarda ya yi ƙarya don rufa wa maƙwabcinsa asiri ba. Mai neman izinin sirri amana yake nema a damƙa masa, amanar da rayukan wasu ke rataye a kanta, kuma ba wanda ya tilasta masa nema. Yana da damar ya riƙe asirinsa ya nemi aiki a kamfanin da ba ya buƙatar wannan fom, suna nan birjik. Abin da ba shi da damarsa shi ne ya riƙe asirin, ya karɓi amanar, ya kuma sa hannu cewa ya faɗi komai.

Inda nake ganin masu suka sun fi ƙarfi shi ne faɗin tambayoyin. Tsakani da Allah, wa zai karanta sashe na 27 ya rantse bai taɓa sa caja ko filash inda aka hana ba cikin shekara 7? Wa ke tuna kowace takardar gargaɗi? Akwai kuma mutanen da suka bar aiki suna ganin lafiya aka rabu, ba su san manaja ya rubuta "an kore shi" a fayil ba. A kan takarda ma'aunin ya yi adalci a nan, don abin da yake hukuntawa shi ne ɓoyewa da gangan, kuma tsallake tambaya kaɗai ba ya tabbatar da niyya. Amma niyya a zuci take, alƙali kuma daga fuska da lafazi yake karanto ta. Mutum ana ba shi kwana 20 ya amsa takardar tuhuma, gwamnati tana da lauyanta, shi kuwa ba wanda zai ɗaukar masa, kuma da yawa su kaɗai suke zuwa kare kansu. Mai kuɗin lauya zai zo da bayani a tsare. Talaka zai zo da in-ina, in-inar kuma tana kama da ƙarya. In ya faɗi, ya ɗaukaka ƙara cikin kwana 15 zuwa wani kwamiti da ba ya karɓar sabuwar hujja, in nan ma ya faɗi sai ya jira shekara guda kafin a sake nema masa. Na yarda a nan akwai waɗanda ake zalunta. Maganin shi ne a gyara tambayoyin su fito sarai, a kuma taimaka wa marasa lauya. An taɓa yin irin wannan gyaran: a 2008 aka sassauta tambayar lafiyar ƙwaƙwalwa don sojojin da suka dawo daga yaƙi su daina gudun ganin likita saboda tsoron rasa izini.

Kada kuma wani ya ɗauka laifin kwamfutar kansa wasa ne. A 2008 an soka wani filash mai ɗauke da bairos a wata kwamfutar sojan Amurka a wani sansani a Gabas ta Tsakiya. Abin ya bazu har cikin hanyoyin sadarwar sirri, aka shafe sama da shekara ana shara, Pentagon ta hana amfani da filash gaba ɗaya na wani lokaci. Sai kuma Jack Teixeira, ɗan shekara 21, ƙaramin soja mai kula da kwamfutoci a wani sansanin sojan sama a Massachusetts, wanda aka kama a Afrilun 2023 bayan ya daɗe yana watsa takardun sirri kan yaƙin Yukiren ga abokan hirarsa a manhajar Discord don burgewa. Abin da ya fi ba ni haushi a labarinsa shi ne manyansa sun gan shi. Sun gan shi yana rubuta abubuwa a takarda yana sawa a aljihu, sun gan shi yana leƙa abin da bai shafi aikinsa ba, sun rubuta masa gargaɗi fiye da sau ɗaya, amma ba su kai maganar inda ya kamata ba. An ɗaure shi shekara 15 a Nuwamban 2024, an kuma ladabtar da mutum 15 daga cikin na sama da shi. Su ma shirun da suka yi ɗan'uwan nawa ne.

To, duk wannan na yarda da shi. Inda muke rabuwa da tsarin shi ne idan aka ɗaga kai aka dubi sama.

John Deutch ya shugabanci CIA daga 1995 zuwa ƙarshen 1996. Da zai tafi aka gano tarin bayanan sirri a kwamfutocin da ke gidansa, waɗanda ake shiga intanet da su kamar na kowa. Wannan shi ne babin M tsagwaronsa, daga mutumin da ya fi kowa sanin dokar. Sai watan Agustan 1999 aka dakatar da izininsa, shekara biyu da wata takwas bayan an gano. Yana dab da amsa ƙaramin laifi a kotu, Bill Clinton ya yi masa afuwa ranar 20 ga Janairun 2001, ranarsa ta ƙarshe a mulki. David Petraeus, janar mai tauraro huɗu kuma shi ma shugaban CIA, ya bai wa matar da ke rubuta tarihinsa, wadda suke soyayya a ɓoye, littattafan rubutunsa 8 masu ɗauke da manyan asirai. Da FBI ta tambaye shi a Oktoban 2012 ya ce bai taɓa ba ta bayanan sirri ba. Ga ɓarna ga ƙarya, haɗin nan dai da ke kayar da ƙaramin injiniya. A 2015 aka yanke masa talalar shekara 2 da tarar dala 100,000, ba a ma tuhume shi da ƙaryar ba. Talalar ba ta ƙare ba aka gan shi a ƙarshen 2016 ana ganawa da shi don kujerar sakataren harkokin waje.

Jared Kushner, surukin Donald Trump, ya miƙa fom ɗinsa na SF-86 a Janairun 2017 ba tare da ya lissafa hulɗarsa da jami'an ƙasashen waje ba. Lauyoyinsa sun ce kuskure ne, an tura fom ɗin kafin a gama, kuma sun sanar washegari cewa za a ƙaro bayani. In haka ne, wannan ita ce ƙofar gyara da wuri da na ambata, kuma ba zan hana shi ita ba. Amma gyaran ya zo kashi-kashi har sunaye suka haura 100, shugaban hukumar binciken masu neman izini na lokacin ya gaya wa majalisa bai taɓa ganin kurakurai masu yawa haka ba, kuma duk da ƙin amincewar ƙwararrun ma'aikata aka ba shi izinin a Mayun 2018. Wata ma'aikaciyar Fadar White House, Tricia Newbold, ta shaida wa majalisa a 2019 cewa mutum 25 ne aka soke hanin da ƙwararru suka yi musu. Abin bai tsaya a jam'iyya ɗaya ba. A Yulin 2016 shugaban FBI James Comey ya ce Hillary Clinton da mutanenta sun yi matuƙar sakaci da imel ɗin da suka bi ta na'urar gidanta, ya kuma ƙara da cewa sau da yawa wani da ya yi irin haka yakan fuskanci ladabtarwa ta fuskar tsaro ko ta aiki. A Maris na 2025 kuma manyan jami'an tsaro suka tattauna harin da za a kai wa 'yan Huthi a Yaman a manhajar Signal, har aka yi kuskuren saka editan mujallar The Atlantic a cikin zauren. Gwamnati ta ce ba bayanan sirri a ciki. Sakataren tsaro ya ci gaba da zama a kujerarsa, mai ba da shawara kan tsaro aka mayar da shi jakada a Majalisar Ɗinkin Duniya. Ka ɗauki ɗan kwangila ka sa shi a wannan matsayin, ka ga ko zai kwana da katin shiga ofis a wuyansa.

Wasu na cewa tunda manya na tsallakewa, a sassauta wa ƙanana. Ni ban ga haka ba. Tserewar Petraeus ba ta mayar da ƙaryar injiniya gaskiya ba. Amma illar tana nan, kuma ta fi rashin adalci zurfi. Tsarin gaba ɗaya ya dogara ne da mutum ya yarda cewa faɗin gaskiya ya fi masa alheri. Duk ranar da ya ga wani ya yi abin da ya ninka nasa ya wuce lafiya saboda wanda ya sani, darasin da zai ɗauka shi ne matsalar a kama ka ce, ko a kama ka ba ka da kowa.

Sai ɓangaren da ya fi ban dariya, in har abin dariya ne. Gwamnatin da ke neman ka zazzage mata cikinka, ita ya ta riƙe abin da ka ba ta? A 2015 aka bayyana cewa 'yan kutse sun shiga kwamfutocin OPM, hukumar da ke ajiye waɗannan fom ɗin a lokacin, sun kwashe bayanan mutum miliyan 21.5, har da zanen yatsun mutum miliyan 5.6. Jami'an Amurka sun nuna China da yatsa, China ta musanta. Duk wanda ya daure ya rubuta bashinsa da shaye-shayensa da sunayen danginsa na ƙasashen waje, gaskiyar tasa ta koma hannun waɗanda aka ce ana kare shi daga gare su. Shugabar hukumar ta yi murabus. Kafin wannan kuma, kamfanin USIS da ya fi kowa yi wa gwamnati binciken mutane, wanda shi ya binciki Edward Snowden, mutumin nan da ya fallasa asirin leƙen asirin Amurka, Ma'aikatar Shari'a ta zarge shi da miƙa bincike kusan 665,000 a matsayin kammalallu alhali ba a duba su yadda ya kamata ba. Mai gwada gaskiyar mutane ke nan. An sasanta a 2015, aka rufe maganar da dala miliyan 30. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Duk da haka akwai abu ɗaya da nake yaba wa tsarin, kuma na fi ganin darajarsa in na tuna Agustan 2023, lokacin da Majalisar Dattawan Najeriya ta tabbatar da ministoci 45 ta ajiye uku, har da Nasir El-Rufai, da sunan ana jiran rahoton tsaro. Kowa ya cika gurbin da jita-jitar da ta yi masa daɗi, don ba a fito da dalili a rubuce ba. Ɗan kwangilar Amurka da ba wanda ya san sunansa ana ba shi tuhumarsa ɗaya bayan ɗaya a takarda, ya tsaya gaban alƙali ya amsa, hukuncin kuma ya fito kowa ya karanta ya ga inda aka yi daidai da inda aka yi son kai. Da ba a wallafa su ba, da ni ma ban samu abin da zan auna manyansu da shi ba.

Ɗan bautar ƙasar nan bai taɓa ɗaga murya ba. Da akanta ya tsare shi a gaban kowa, cewa kawai ya yi, "Yallaɓai, wallahi ba ni ba ne," ya cire filash ɗin daga makullinsa ya ajiye a kan tebur a duba. Aka duba ba a ga komai ba, amma daga ranar aka daina barinsa shi kaɗai a ofishin akanta. Ya ƙarasa watanninsa a ɗakin fayil. Ranar da zai tafi, ni aka ba takardar sallamarsa in buga, a wannan firintar, ƙarƙashin wannan sanarwar.